Asabar, ranar da teburin ɗinki ya samu ƙafafun haidirolik

Ƙarfe 8 na safe na isa ɗakin ɗinkin, a ƙasan gida yake kamar yadda aka saba a nan Amurka. Keke ne mai dogon hannu, irin wanda kamfanoni kamar Gammill da APQS ke ƙerawa don ɗinka bargo mai hawa uku: yadin sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin lifidin doki a hawan sallah ya san irin wannan ɗinki. A nan yadin yana miƙe a kan sandunan naɗi, keken ne ke yawo bisa tayoyi a kan dogo. Tsawon teburin ƙafa 12, ƙafafunsa huɗu.

Mai keken da 'yarta ne ke aiki a kansa, kuma 'yar ta fi uwar tsayi da kusan inci 5. Tsayin da ya dace shi ne a kama mariƙin keken gwiwar hannu ta yi kusurwa 90, kafaɗa a sake. Ko mutum ɗaya ma ba tsayi ɗaya yake bukata ba. Ƙaramin ɗinki da rula yana son tebur ya hau kusa da ido, bin zane daga bayan teburin yana son ya ɗan sauka. Canza tsayin tebur ta hanyar sauya ramin noti a ƙafa huɗu aikin mutum biyu ne na rabin yini, shi ya sa ba wanda ke yi, sai dai a haƙura da ciwon baya.

Aikina shi ne in sa wa teburin ƙafafun haidirolik, masu ɗaga shi da sauke shi da ƙarfin mai. Kafin na buɗe kwalin kayan sai da na auna nauyi. Na tura keken ƙarshen hagu, na sa sikelin banɗaki ƙarƙashin kowace ƙafa da katako mai kauri ɗaya ƙarƙashin sauran, na maimaita da keken a dama. Jimla ta zo wajen kilo 210, kayan kuma suna iya ɗaukar kilo 340, akwai sarari. Abin da na fi so in sani shi ne ƙafar da ta fi rashin nauyi, don silindar da za a manna wa kowace ƙafa mai ne ke tura ta sama, amma nauyin teburin ne kaɗai ke mayar da ita ƙasa.

A kwalin akwai famfo mai hannun murzawa, silinda huɗu masu tafiyar inci 8, tiyo huɗu da aka riga aka cika da mai aka haɗa, da ƙafafun daidaitawa masu zare. Kowace silinda da nata ɗaki a cikin famfon, murzawa ɗaya tana tura mai daidai wa daida zuwa huɗun, shi ya sa suke tashi tare. Don haka ba a kwance tiyo, ba a yanke shi. Iska ta shiga ɗaya, wannan ƙafar za ta riƙa lotsawa tana makara, ga teburi ya karkace.

Na sauke keken daga dogo tukuna. Na ɗaga gefe ɗaya da jak ɗin mota, na tokare da katako, na cire tsofaffin ƙafafun roba. Na murza famfon baya har ƙarshe, silindu suka shige gaba ɗaya, sannan na manna kowace a jikin ƙafar teburin da matsewa, na bar zaren ƙafar daidaitawa a tsakiya don a samu wurin ƙari da ragi. Kowace silinda noti huɗu M6, wato masu kaurin milimita 6, take ci. Na huda da bakin milimita 3, na faɗaɗa da 6.5. Ƙafar teburin bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, in aka ɗaure noti da ƙarfi sai ya lanƙwashe ciki, saboda haka na sa guntun bututu a cikinsa notin ya ratsa, da washa mai faɗi a baya. Tsayin notin da ke shiga jikin silindar ma sai an kula, in ya zarce abin da takardar ta ce zai taɓa sandar ciki ya riƙe ta.

Famfon na ɗaure shi a ƙarƙashin ƙarshen dama, inda hannunsa ba zai bugi cinyar mai ɗinki ba. Tiyon ƙafafun kusa ya yi rara, na naɗe shi zobe mai faɗin faranti, na bi da sauran ta jikin ƙarfen baya da maɗaurin roba, ba matsewa sosai. Lanƙwasa mai kaifi tana toshe hanyar mai.

Bayan azahar aka zo wurin da aikin yake. Na mayar da keken, na daidaita teburin yana can ƙasa, na ɗora lebur, ma'aunin karkata, a kan dogo ta tsawo da ta faɗi, a wuri uku. Amma lebur ba ya faɗin gaskiya kamar keken kansa. Ka ajiye shi a tsakiya ka sake hannu, in ya gangara ko da inci ɗaya ne, mai ɗinki za ta wuni tana kokawa da shi, da'irarta ta fito kamar ƙwai. Na murza sama, kusan murzawa 5 kowane inci, na sake gwadawa a inci 4 da inci 8. Lafiya lau.

Wajen saukowa ne ƙafar hagu ta baya ta maƙale, ta tsaya, sannan ta faɗo da ƙara. Na fara zargin rashin nauyi, na kawo keken kanta, ta ɗan gyaru amma ba ta daina ba. Da na ɗora lebur a jikin silindar sai na ga ba a miƙe take ba: ƙafar teburin tana da tudun walda, ya tura ƙasanta waje, sandar tana goga gefe. Na kwance, na sa washa biyu a notin sama, ta miƙe, ta sauka sumul. Da a ce na ci gaba da murzawa ƙasa tana maƙale, famfon zai ja wuri babu mai, iska ta samu hanya.

Saura girgiza. A can sama, in an ja keken da sauri ta tsawo, teburin yana ɗan rausaya. Na ƙara ƙarfe mai kusurwa a gicciye tsakanin ƙafa da gadon teburin a kowane gefe, ta ragu sosai, na kuma ce kada su wuce inci 6 in ɗinki mai sauri ne. Wayar wuta na ba ta rarar ƙafa ɗaya don kada ta tsinke in tebur ya hau.

Na manna tef a jikin silinda ɗaya, na ja layi biyu, na uwar da na 'yar. Na rubuta musu a takarda: keke a tsakiya kafin a sauke, in hannun famfo ya yi tauri a tsaya, a duba ko kujera ko kwandon zare na ƙarƙashi. Nan da mako biyu zan dawo in sake ɗaure noti 16 ɗin, in shafa bakin kowane tiyo da farin ƙyalle in ga ko akwai digon mai.