Haihuwa cikin rana ba ta isa shiri ba

Ƙannena masu fita gudu da asuba a bakin Gulbi, na ji kuna zancen gasar Marathon des Sables ta Maroko, wato tseren ƙafa cikin hamada, har waninku na cewa Turawa ne ke shan wuya a can, mu 'yan Maradi ai mun saba da rana. Wannan maganar ce ta kayar da ni, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya kafa gasar a 1986, bayan ya taka kilomita 350 shi kaɗai a Saharar Aljeriya a 1984. Kusan kilomita 250 ake yi cikin mako guda, zango-zango, kuma akwai zangon da ke kai kilomita 80. Ruwa da tanti kawai ake ba ka. Abincin mako da abin kwanciya duk a bayanka suke.

Da ni da abokaina muka ce bari mu gwada irinta a hanyar Dakoro, muka zaɓi tsakiyar bazara don mu nuna jarumta. Rana ba ta fara kayar da ni ba, ƙafa ce. Sabon takalmi na saya, daidai ƙafata cif. Ban san ƙafa na kumbura idan an wuni ana tafiya cikin zafi ba. Rairayi ya shiga safa, ya haɗu da zufa, yana goge fata a hankali. Da na cire takalmin da magariba, bororo ya cika tsakanin yatsuna, ɗaya ya fashe ya manne da safa. Da safe takalmin ya ƙi shiga. Masu gudun Maroko takalmi mai ɗan yalwa suke sawa, wanda suka daɗe suna gudu da shi, su sa a ɗinka masa ƙyalle ya rufe har idon sawu don kada rairayi ya samu hanya. Mai gyaran takalmi a kasuwa zai yi muku wannan. Kuma da zarar kun ji wuri ya fara zafi, ku tsaya ku manna filasta tun bai tashi ba.

Sai gishiri. Na yi ta ɗirkar ruwa zalla, ina ganin na kyauta wa jikina, alhali zufa ta kwashe gishirin, har farin shatinsa ya fito a rigata. Kai ya sara, amai ya taso, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Ruwa mai yawa babu gishiri yana iya kisa. Ku riƙe garin gishiri da sukari na farmasi, da dabino, da kilishi, da gyaɗa.

Lahcen Ahansal, ɗan yankin Zagora, ya ci gasar sau 10. Cikin hamada ya tashi, amma horo ya kai shi. Mauro Prosperi kuwa, ɗan Italiya, guguwar rairayi ta ɓatar da shi a 1994, sai bayan fiye da mako aka same shi a Aljeriya, ya kusa mutuwa.

Ku fara da hunturu, a hanyar Tibiri ko Madarunfa, da jaka a baya. Ranar farko ku tafi a hankali, a gida a san inda kuka nufa, wani kuma ya biyo ku a babur da jarkar ruwa.