Lissafin bututun iska da abin da ke salwanta a hanya

Ƙannena masu koyon aikin sanyaya gini da ɗumama shi, na daɗe ina zaɓen girman bututun iska da ido, wato in dubi bakin na'ura in sa a yanko kwano daidai da shi, sai da ƙorafin masu gini ya yi yawa sannan na koma ga takarda da alƙalami. Lissafin yana da jeri, kuma farkonsa shi ne yawan zafin da ake son fitarwa daga ɗaki ko shigarwa cikinsa. Daga nan ake sanin yawan iska, sai yawan iskar ya nuna faɗin bututu.

A ce ɗaki yana buƙatar a cire masa zafi na wat 3,000, ana so ya tsaya a digiri 24 na ma'aunin Selsiyas, iskar na'ura kuma tana fitowa a digiri 14. Kowace lita ɗaya ta iska a sakan tana ɗaukar kimanin wat 1.2 a kan kowane digiri na bambanci, don haka a raba 3,000 da 12, wato 1.2 sau bambancin digiri 10, a samu lita 250 a sakan. Idan ana so iskar ta yi gudun mita 5 a sakan, bakin bututun zai zama murabba'in mita 0.05, wato bututu mai zagaye na milimita 250. Wannan lissafi na zafin da ma'auni ke nunawa ne kawai, domin danshin iska yana da nasa lissafin dabam. A wurin da ke da tsayin mita 1,500 daga teku kuma iska ta ragu da nauyi da kusan kashi 14 cikin 100, sai a rage 1.2 ɗin nan.

A irin wannan aiki na taɓa sa bututun milimita 200 saboda silin ya matse, ina ganin ragin milimita 50 ba wani abu ba ne. Gudun iskar ya tashi zuwa mita 8 a sakan, matsin da ake asara a kowace mita ya ninka kusan sau uku, ɗakin ƙarshe ya rasa iska, na kusa da na'ura kuma ya cika da ƙugi. Na ƙara wa fankar na'urar gudu, abin ya ƙara lalacewa, domin idan aka ƙara gudun fanka da kashi 20 cikin 100, wutar da take ci tana ƙaruwa da kusan kashi 73. Ku riƙa ƙirga kowace gwiwa da mararraba da matatar ƙura, saboda gwiwa ɗaya mai kaifin kwana tana iya cin matsi fiye da mitoci da yawa na miƙaƙƙen bututu, haka nan bututu mai lanƙwasuwa da aka bari a takure. Masu zana tsarin bututu da yawa suna riƙe asarar kusan faskal 1, wato ma'aunin matsi, a kowace mita, kuma hanyar da ta fi kowace wahala, daga fanka zuwa bakin fitar iska mafi nisa, ita ake zaɓen fanka da ita.

Abin da na fi jinkirin ganewa shi ne zafin da ke ratsa jikin bututun. Bututun milimita 250 mai tsawon mita 20 yana da jiki na kusan murabba'in mita 16. Idan ya bi ta cikin silin da zafinsa ya kai digiri 40 babu abin rufi, kowane murabba'in mita yana shigar da kimanin wat 5 a kan kowane digiri, sai iskar da ta fito a digiri 14 ta isa ɗaki a wajen digiri 20. Bambancin digiri 10 da aka gina lissafi a kansa ya koma 4, wato fiye da rabin sanyin ya tafi ga silin da babu kowa a cikinsa, tamkar mai ɗebo ruwa da hujajjen bokiti. Na sha ɗora laifin a kan na'ura, har na taɓa ba da shawarar a sayo wadda ta fi girma, alhali rufin audugar gilas mai kaurin milimita 50 zai sauko da ƙarin zafin zuwa kimanin digiri 1. A lokacin ɗumama gini lissafin ɗaya ne, sai dai zafin fita yake yi. Bututun sanyi yana da ƙarin matsala, domin idan ba a like bayan rufin da takardar alminiyam sosai ba, raɓa takan taru a kan kwanon, ta jiƙa audugar, daga bisani a ga naso a silin. Mahaɗar da ba a like ba ita ma tana zubar da iskar da aka riga aka kashe wuta wajen sanyaya ta.

Ku kula da ma'auni. Littattafan ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini da ɗumama shi ta Amurka, da takardun na'urorin Amurka suna yawan amfani da CFM (kubik ƙafa na iska a minti) da BTU (ma'aunin yawan zafi) da Farenhait, inda lambar 1.08 ke tsayawa a madadin 1.2, kuma CFM ɗaya kusan kubik mita 1.7 ne a awa. Na taɓa karanta CFM a matsayin kubik mita a awa, bututun ya fito ƙarami ƙwarai, tun daga nan nake rubuta ma'auni a gefen kowace lamba.

Bayan an gama kafawa, ku auna. Iska ta fi gudu a tsakiyar bututu fiye da gefensa, don haka a ɗauki awo a wurare da yawa a faɗin bakin, nesa da gwiwa, a fitar da matsakaici. Sannan a sa ma'aunin zafi a bakin na'ura da kuma baki mafi nisa, a kwatanta bambancin da abin da takarda ta nuna.