Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Littafin Zubi

Makon jiya na tsaya a inda motar itace ta sauke mu a Tashar Baga cikin Maiduguri, ni da Goggo da yara, ƙafafu duk sun kumbura. Akwai waɗanda suka ce na yi gaggawa a labarin hanya. Da gangan na yi. Duk wanda ya fito daga Baga ko Doro ranar Asabar 3 ga Janairun 2015, ranar da 'yan Boko Haram suka afka mana, ya san abin da ya tsallake a daji kafin ya kai Monguno, ba sai na tuna masa ba. Maigidana ruwa ya bi, cikin kwalekwale tare da masu nufar tsibiran ɓangaren Chadi, mu kuma muka bi tudu. Rabona da shi ke nan har yau.

Ranar da aka kai mu sansani sai aka ce magidanta su yi layi a rubuta su. Ina tsaye da goyo, ga biyu riƙe da zanena, ƙanin maigidana ya zo ya ce, "Matar yaya, je ki zauna a inuwa, ni zan tsaya muku." Ashe zuba mu ya yi ƙarƙashin sunansa, ni da 'ya'yan yayansa har da Goggo. Lokacin a manyan tukwane ake girki, kowa ya bi layi da kwanonsa, shi ya sa abin bai fito fili da wuri ba. Sai da aka zo rabon katifa da bargo da gidan sauro. Na je, mai rabo ya duba takarda sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, sunanki ba ya ciki." Ga hunturu mai tsaga leɓe, yara suna kwana a kan tabarma. Bargunan da aka bayar da yawan kawunanmu, ɗaya ne ya iso hannuna. Sauran da idona na gan su a shimfiɗe bakin titi wajen masu saye. Ƙanin maigidan nawa yana nan da ransa, kuma na san akwai mai karanta masa wannan. Ban yafe bargunan nan ba.

Da na koma ina kuka, Goggo ko rarrashina ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Share hawayenki, 'yar nan. Sau nawa zan gaya miki? Bashin da ba a rubuta ba kyauta ne."

Duk wanda ya san ta a kasuwar kifi ta Doro ya san wannan magana. Ƙanwar babanmu ce, tare suka baro Argungu suka bi kifi har Tafkin Chadi tun ba a haife ni ba. Banda take saye, tarwaɗa da bargi da ƙarfasa, a danna a kwali a ɗaure, a loda zuwa Maiduguri, daga nan manyan motoci su wuce da shi Anacha da Legas. Sana'ar duk a kan bashi take tafiya: ka ba masunci kuɗin taru da man inji, ka ba dillali kaya sai ya dawo. Goggo ba ta yi boko ba, amma tun ina aji huɗu take zaunar da ni a gefenta da littafi. Ko kwali ɗaya ne sai na rubuta a gaban mai karɓa, in karanta masa ya ji da kunnensa. Ana ce mata mai tsanani. Ba wanda ya taɓa cin sisinta.

Mu dai ba zama muka yi muka ce za mu kafa ƙungiya ba. Ɗinkin hula ne ya tara mu. Masu hula sukan shigo da yadi an riga an zana, da zare, ki ɗinka a biya ki ladan hannu. Matan Bama ne gwanaye, wajensu muka koya, mu da hannunmu bai saba da komai ba sai ƙayar kifi da hayaƙi. Hula ɗaya takan ci makonni, ido ya yi ja, yatsa ya yi kanta. A gindin darbejiyar da muke zama Goggo ta ce a fara adashe. Naira hamsin duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da naira goma a gefe wadda ba a kwasa. Goman nan a gwangwanin madara take zama, an huda murfinsa, Goggo tana kwana da shi a ƙarƙashin kanta. Ita ce kuɗin Keke in naƙuda ta zo da gardama, ita ce likkafani, ita ce sabulu da gero ga mai jego. Babarbariya da Bashuwa da Bahaushiya, wata ba ta jin yaren wata sosai, amma kowa ta san ranar kwasarta.

Littafin farko mai fallaye arba'in ne, na makaranta. Yanzu sun yi yawa, a leda biyu nake ƙulle su. Ranar Talata 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo mana Gwange cikin dare, babbar 'yata ba ta ɗauki tukunya ko sutura ba, ledar nan ta ɗora a ka, ruwa har ƙirjinta. Ban sa ta ba. Duk abin da muka tara bayan barin sansani ruwa ya tafi da shi, amma ba macen da ta rasa lissafin zubinta.

A wancan littafi na farko Goggo ta sa na ja layuka: sunan mace, sunan ubanta, garinsu, yawan 'ya'ya. Na ƙarshe na miji ne. Mai miji a rubuta "yana nan", wadda ta ga gawa ko aka shaida mata a rubuta "ya rasu". Da aka zo kaina sai biro ya tsaya. Goggo ta ce, "Rubuta ba labari." Sunana ne na farko a wannan sahu, kuma kafin shafi ya cika mu ne muka fi yawa. Mu ba zawarawa ba, mu ba masu miji ba. Ba takaba, ba gado, ba katin rabo.

A Agustan 2016 matan wani sansani a cikin gari suka fito da 'ya'yansu suka tare hanyar Kano saboda yunwa. Bayan nan gwamnatin jiha ta soke girkin manyan tukwane, aka koma ba kowane gida ɗanyen abinci. Na ji maza a lokacin suna cewa rashin kunya ne mace ta zauna a kan kwalta. Ni har gobe ina jinjina wa matan nan, domin wanda bai ji kukan ɗansa cikin dare ba ne yake da bakin maganar kunya. Sai dai gyaran ya zo mana da tasa matsalar. In abinci na mai kati ne, to shinkafa da waken 'ya'yana a ɗakin ƙanin miji za su sauka, ya auna mini da kwanon da ya ga dama.

Muka ɗauki littafi muka nufi ofis. Shugaban maza na ɓangarenmu ya tare mu a ƙofa ya ce, "Ku koma ɗaki, za a sanar da ku." Wata dattijuwa daga Kukawa da muke kira Iya ta zauna dirshan a ƙasa, ta miƙe ƙafa, muka bi ta muka zauna. Da jami'in ya fito ba mu yi hayaniya ba. Iya ta gaishe shi da Barbarci, ta ce, "Ɗana, ba roƙo muka zo ba, karatu za a yi maka." Na buɗe na fara. In na kira suna, mai shi ta miƙe da 'ya'yanta, in ce ba labari, ta koma ta zauna, in kira na gaba. Rana ta take, muryata ta dishe, ban tsallake ko ɗaya ba. Tun yana duba agogo har ya sa aka kawo masa kujera da takardarsa, yana bi yana gwadawa da tamu. Ba a ranar aka gyara ba, an sha kai da kawowa. Amma an sake ƙidaya, an ba kowace mace mai riƙe da gida kati da sunanta, aka kuma yarda mata biyu daga cikinmu su riƙa zama wajen rabo. Ranar da na karɓi nawa, ƙanin maigidana ya ce na tona masa asiri a bainar jama'a, taron mata taron gulma ne. Gulmar ce ta ciyar da 'ya'yan yayansa.

Daga baya muka ji labarin matan Knifar, 'yan yankin Bama, waɗanda aka tsare mazajensu. Su ma sunaye suka tattara, sama da dubu, suka kai gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, Hajiya Hamsatu Allamin, mai fafutukar kare haƙƙin mata, tana tsaye a bayansu. Ba mu san su ba a lokacin da muka ja namu layukan, su ma ba su san mu ba. Da aka gaya wa Goggo, cewa ta yi, "To, su ma sun san bashi." A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ce mutum kusan 22,000 aka kai mata rahoton ɓatansu a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Sunan maigidana yana ciki, da na mazan da yawa daga cikinmu, don da littafinmu muka je muka yi layi. Ina yawan tunanin waɗanda ba wanda ya kai sunansu.

Wata malamar Islamiyya ce ta zaunar da mu ta yi mana bayanin hukuncin matar wanda ya ɓata a Malikiyya: ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In kuma babu abin ciyar da ita, akwai hanyar da ta fi wannan kusa. Da yawa ba su taɓa jin haka ba, suna zaune ne kawai, dangin miji suna riƙe da su ba ci ba sha. Mun raka masu ƙuruciya kotu, kuɗin mota daga gwangwani, shaidu daga cikinmu. Wasu sun yi aure sun haihu. Ni ban je ba, kuma ba na son a tambaye ni dalili.

Goggo ba ta ga Disambar 2018 ba, Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Da goman da ta ƙirƙiro aka yi mata sutura. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ta ga ranar da Baga ta sake faɗuwa mutane dubbai suka sake kwararowa Maiduguri ba, don a ranar ne aikinta ya nuna. Mu ne a bakin ƙofa da kunu da ruwan zafi da tsofaffin zannuwa. Duk macen da ta sauko, kafin ta sha ruwa na ce mata, "Yaya, ko wa ya ce zai tsaya miki, ki ce kin gode, ki shiga layi da ƙafarki. Ki ga an rubuta, ki sa a karanta miki."

Zaɓen 2019 ma da littafi muka shige shi. Masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da sabulu. Muka ce mun gode, amma a faɗi abin da za a yi mana a kan makewayin mata da fitila da makarantar yara, a faɗa a gaban kowa. Na rubuta, na karanta musu, kamar yadda nake yi wa dillalan kifi. Wani ya yi dariya, wani ya ɓata rai. Asubahin 23 ga Fabrairu ƙarar fashewa ce ta tashe mu, gari duk ya ji, amma da rana ta fito matan zubi suka ɗaura mayafi muka tafi rumfa tare. Cikin alkawuran akwai wanda aka cika, akwai wanda har yau yana nan a shafinsa da kwanan wata. Ban soke ba. Ba kyauta muka ba su ba.

Sai 2021, Gwamna Zulum ya ba da sanarwar rufe sansanonin cikin Maiduguri kafin ƙarshen shekara. Wajen kuɗin sallama, na magidanci daban na matar aure daban, sai da muka sake fito da sahun "ba labari" don a lissafa su cikin masu riƙe da gida. Daga nan muka watse. Wasu Monguno, wasu suka koma Baga, wasu muka kama haya a gari. Na ɗauka adashe ya mutu ke nan. Bai mutu ba. Na nesa suna turo zubi ta wajen mai POS, in kira su a waya in karanta musu abin da na rubuta, na kusa kuma muna haɗuwa Juma'a a tsakar gidan da nake haya. 'Ya'yanmu mata da suka shigo sansani a goye yanzu su ke riƙe biro.

Abin da ya kusa kashe shi shi ne canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da tsofaffin takardu suka cika gwangwani, ga mai kwasa tana jiran kuɗin aurar da 'ya. Wannan rigima ce mai tsawo, har da wadda ta yi fushi ta fita ba ta dawo ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.