Giya mai ƙaurin banda

Satina na farko ina aiki a wata ƙaramar mashaya a Bamberg, ƙasar Jamus, na sha kunya. Wani dattijo ya ce in kawo masa Weizen, giyar alkama. Na ɗauko kwalba na tuttula a tambulan yana tsaye, kumfa ta taso ta malale tebur har wandonsa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi wata kwalbar, ya karkata tambulan, ya zuba a hankali. Da ta rage kaɗan sai ya jujjuya ta don yis ɗin da ya kwanta a ƙasa ya biyo. Ya ce, "Ka gani, yaro?"

Kafin nan ni duk giya ɗaya ce a wurina. Uwar ɗakina ta jera mini ƙananan kofuna, ta ce in fara da hanci. Weizen ƙamshin ayaba da kanumfari take yi, alhali ba a sa ko ɗaya ba, aikin yis ne. Pils, wadda aka fara dafawa a garin Pilsen na ƙasar Czech ta yau a 1842, garau take, ɗacinta na furen wani tsiro ne da ake kira hop. Wadda ake kira IPA kuwa, da matasa ke rububi, an cika mata furen nan har baki ya ɗaure. Har yau ban ga abin so a cikinta ba.

Wadda ta tsayar da ni ita ce Rauchbier, abin alfaharin garin. Tsiron sha'ir ake busarwa a kan wutar itace, sai giyar ta fito da ƙauri kamar na kifi banda. Ina shinshinawa sai ga tsakar gidan kakata a ƙauyenmu kusa da Kafanchan: dawa a jiƙe, an shanya ta an rufe da ganye har ta tsiro, tuluna a kan murhu ana dafa burkutu. Ashe aikin ɗaya ne, hatsin ne ya bambanta.

Da na ba uwar ɗakina labari, ta ce ai dokar 1516 ta Bavariya, jihar da Bamberg take a yau, ruwa da sha'ir da hop kaɗai ta amince a sa a giya. Na ce mu kuwa da aka hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya a 1988, dawar nan kamfanoni suka koma wa. Ta ɗauko biro ta ce in rubuta mata yadda kakata ke yi, daga jiƙo har tacewa.