Gangaren keken guragu: awon da muke bi kafin mu zuba kankare

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yanzu yawancin aikin da ake kiranmu mu yi shi ne fasa gangaren da aka yi don ganin ido, mu sake zubawa.

Ƙa'idar ita ce, duk santimita 1 na tudu, a ba shi santimita 12 na tsawo. A wani asibitin unguwa da muka gyara, matakala 3 ce, kowace santimita 15, jimilla 45. Gangaren ya kamata ya kai mita 5.4, wanda muka tarar bai wuce mita 2 ba. Mai keke ba ya iya hawa da ƙarfin hannunsa, wajen saukowa kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Kwata ta tare gaba, sai muka bi da shi jikin bango, muka raba shi biyu, da shimfiɗaɗɗen wurin tsayawa mai mita 1.5 ta kowane ɓangare a tsakiya. Irin wannan fili dole ne a bakin ƙofa ma, in ba haka ba mutum na kokawa da ƙofa keke na komawa baya da shi.

Faɗi kada ya gaza mita 1.2. Ƙarfen dafawa a gefe biyu, tsayin santimita 90, da ɗan dakali na santimita 10 don kada taya ta zame.

Tayil mai sheƙi ba ma yarda da shi ko mai gini ya nace, domin da damina santsi yake yi. Kankare muke zubawa, mu ja tsintsiya a kai ta gicciye tun yana ɗanye. Gindin gangaren kuma a lafe shi da ƙasa. Magina kan bar ɗan baki na santimita 3 ko 4 a wurin, shi kaɗai ya isa ya toge ƙaramar tayar gaba.

Abin takaici, mutum ya shigo lafiya, banɗaki ya gagare shi. Dole faɗin ƙofarsa ya kai santimita 90, ta buɗe waje, a bar filin juya keke na mita 1.5 a ciki.

Dokar ta tanadi tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun, ga jami'in da ya amince da taswirar ginin da ta saɓa ƙa'ida. Shi ya sa muke rubuta waɗannan awon a jikin taswira tun kafin a kai ta hukuma.