Lahadi, igiya 44

Yau Lahadin farkon wata, ranar da ake hura wa tsohon injin masana'antar kaɗin zare ta Ellenroad wuta. Abban Hanifa ya daɗe yana nacin mu je, yau dai na bi shi. Jirgi daga Manchester zuwa Newhey, sauran tafiyar a ƙafa cikin yayyafi. Hanifa sai ƙorafin sanyi.

Masana'antar kaɗin zaren an rushe ta tun 1985, amma ɗakin inji da na tukunyar tururi da dogon bututun hayaƙi sun tsira. Injin tururin asalinsa na 1892 ne, aka sake masa gini bayan gobarar 1916. Tagwaye ne, Victoria da Alexandra, ƙarfin doki 3,000. Da ƙaton wilin ya fara juyawa, har a tafin ƙafata nake jin sa.

Ni igiyar ce ta tsaya min a rai. A jikin wilin akwai tsagi 44, a da kowane tsagi da igiyarsa ta auduga, su ke kai ƙarfin injin hawa-hawa har saman bene. Wani dattijo mai hannu duk baƙin mai ya miƙo min guntuwarta, kaurinta ya kusa wuyan hannuna. Ya ce auduga ta fi laushi, tana lanƙwasa ba ta karyewa. Kuma ba a ƙulla ta, ƙulli zai yi tsalle daga tsagi. Warware bakin biyu ake yi, a saƙa su cikin juna har ka rasa inda aka haɗa. Na ce masa 'yar Funtuwa ce ni, audugarmu ma an gurza ta an ɗauro ta zuwa nan Lankasha, ta hannun BCGA, kamfanin audugar Turawan Ingila, da aka kafa a Manchester a 1902. Ya yi ta jinjina kai.

Da daddare na kira Baba ina ta zuba, murna fal cikina. Da na zo kan haɗin igiyar ya yi dariya: "Uwata, ai haka muke gyara igiyar guga tun muna yara." Can sai ya ce, "Injin har yanzu yana tashi?" Na ce ƙwarai, Baba, dattawa ne ke kula da shi, ba a biyan su ko kwabo. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Shekara 26 ya yi a masaƙa a Kakuri. Injinan da ya shafa wa mai da hannunsa, ya sha gaya min 'yan gwangwan ne suka auna su a sikeli.

"To, madalla," ya ce. Sai ya tambayi jikin Hanifa.

Da ban faɗa masa da zumuɗi haka ba. Hotunan na nan a waya, na kasa turawa.

Tuwo ya yi gudaji. Gobe asibiti ƙarfe 9.