Godiya Bayan Damina Uku Muna Tara Bokiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an yi ruwa mai ƙarfi sau huɗu tun bayan gyaran rufinmu, biyu daga ciki da iska, amma ko ɗigo bai sauka a ɗakin yara ba. Sai da na ga haka na yarda na rubuto wannan godiya, don a baya na taɓa yin murna da wuri, ruwan farko ya kunyata ni.

Waɗanda suka san gidanmu sun san halin da muka shiga. Damina uku, da hadari ya haɗo sai a janye katifa, a tara bokiti a kusurwa. Silin ya yi tabo, daga baya ya kumbura, ɗakin kuma kullum cikin warin fumfuna. Sau biyu ina kawo masu gyara. Kowannensu ya ɗaga kai ya dubi tabon, ya hau sama daidai wurin, ya lafta kwalta a kan ƙusoshi, ya sauko. Ban riƙe su da komai ba, ni ma da ni ne abin da zan yi ke nan.

Babbar godiyata ga dattijon kafintan da maƙwabcina ya haɗa mu. Da ya zo bai ma tambayi tsani ba. Zama ya yi yana yi mini tambayoyi: kowane ruwa yake yoyo, ko sai an yi da iska? Da an fara ruwan yake ɗiga, ko sai an jima? Ni dai na yi shiru. 'Yata mai shekara 9 ce ta ce, "Baba, sai ranar da ruwa yake dukan taga, kuma sai mun kusa yin barci." Ya yi murmushi ya ce mini, "Ɗana, ashe ga mai gidan nan."

Ya sa aka kashe wutar gidan gaba ɗaya, saboda akwai wayoyi a cikin silin, sannan ya shiga da tocila, na bi shi. A nan na ga abin da ban taɓa tunani ba. Kwanon da ke saman tabon lafiyarsa ƙalau. Amma a jikin katakon da ke ɗauke da rufin akwai wani baƙin layi, sawun ruwa, ya bi gangaren katakon ya yi sama. Muka bi shi da rarrafe, yana zana alama da alli, har kusan mita uku, sai ga mu a inda kwano ya haɗu da bango. Ruwa yana shiga can, ya kwanto a jikin katako, sai ya tarar da wata ƙusa da ta leƙo, daga bakinta yake ɗiga. Shi ya sa yake jimawa kafin ya bayyana.

Duk da haka bai yarda ya taɓa komai ba sai ya tabbatar. Ya tura yaronsa sama da tiyo, ya ce ya fara jiƙa rufin daga can ƙasa, ya tsaya minti kaɗan a kowane wuri kafin ya matsa gaba. Dalilinsa, in aka fara daga sama ruwan zai malale ko'ina, ba za a gane ta inda ya shiga ba. Kwano duk ya jiƙe, shiru. Da yaron ya juya tiyon ya fesa wa bangon kansa, ba a daɗe ba muka ga katakon ya fara sheƙi. Farantin da aka lanƙwasa don rufe mahaɗar kwano da bango, ashe shafe bakinsa kawai aka yi da siminti. Rana ta buɗa ƙarfen, sanyi ya tsuke shi, simintin ya tsage. Ruwan da ya sauko a miƙe ba ya samun tsagar, sai wanda iska ta watsa a bango ya gangaro.

Ya tsaga bangon ya cusa bakin sabon faranti a ciki, ya liƙe, ya canza guntun katakon da ya ruɓe. Allah ya saka maka da alheri Baba, ya ƙara lafiya, ya albarkaci yaronka da ya yini a rana bai yi ƙorafi ba.

Maƙwabcina, na gode da tsani da tiyo, da kuma haƙurin da ka yi da ƙarar guduma. Mai gyaran wutar da ya duba wayoyin ya canza mahaɗar da ta yi tsatsa, na gode. Uwargida, wadda ta riƙa tashi tsakar dare tana zubar da bokiti ina sharar barci, ki yafe mini. Masu kira suna tambaya da masu ba da shawara, har wanda ya ce in yaye rufin duka, Allah ya bar zumunci.

Saura canza allon silin da fenti. Baba ya ce kada in yi gaggawa, in bar katakon ya bushe sosai tukuna, don haka wanda ya zo ya ga rami a silin ɗin yara kada ya tsorata.